Sabon Marubucin Karkara Da Soyayya Mai Ɗaurin Gwarmai

Malaman da ke koyar da adabin Hausa a kwalejoji da makarantun sakandare na arewacin Jihar Kano sun saba da wani irin ɗalibi, wanda kan jira har aji ya watse, sannan ya matso a kunyace ya miƙa littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya roƙi a duba masa. Galibi ma ɗaliba ce, daga ƙauyukan Bichi ko Tsanyawa ko Kunci, ko kuwa daga yankin Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir. A 'yan shekarun nan littafin rubutun ya fara komawa wayar hannu, amma abin da ke ciki bai sake ba. Labarin soyayya ne, sai dai akwai wani ɓoyayyen al'amari da aka cusa a tsakiyarsa: amarya ta ɓace ana gobe ɗaurin aure, ko wasiƙa marar suna ta shigo gidan ango, ko wani da aka daɗe da yi wa sadakar arba'in ya yi sallama a ƙofar gida. Irin wannan ƙagaggen labari da ya haɗa ƙauna da bincike shi ne za a kira soyayya mai ɗaurin gwarmai a wannan bayani.

Abin da malami kan yi a mafi yawan lokaci shi ne ya yamutsa fuska, ya shawarci ɗalibin da ya bar shirme ya nemi jigo mai muhimmanci, kamar ilimin mata ko illar shaye-shaye. Niyyar malamin kyakkyawa ce, amma shawarar tana da rauni. Sha'awar da ta hana yaro barci har ya cika littafi guda da rubutu ita ce jarinsa na farko, kuma wanda aka raba da ita da wuya ya koma ga jigon da aka zaɓa masa, ajiye alƙalamin yake yi gaba ɗaya. Inda gyara ya kamata ya sauka wuri biyu ne: yadda sabon marubucin yake gudanar da aikin rubutunsa, da kuma inda yake kai labarinsa ya girke shi.

Da farko dai, wannan sha'awa tana da asali a adabin Hausa. Daga cikin ƙagaggun labaran da suka fito a zamanin gasar 1933 ta Hukumar Talifi da ke Zariya akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida Wusasa da R. M. East suka rubuta tare. Tushen labarin soyayya ce tsakanin Abubakar da Zainab, wadda dukiyar Malam Shaihu ta raba. Abin da ya riƙe mai karatu kuwa shi ne sirrin da Abubakar ya ƙulla don ramuwa, da yadda sirrin ya bi ɗan da aka haifa, wato Kyauta, har ya kai shi ga kashe mahaifinsa ba tare da ya san ko wane ne ba. Ke nan tun ranar da aka fara ƙagaggen labari da boko, ƙauna da ɓoyayyen al'amari tafiya ɗaya suke yi. Gasar kamfanin NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta haifar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda suka fito a 1980. A 1982 kuma gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta fito da Turmin Danya, mai magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya shiga duniyar manyan masu laifi. Cikin shekara biyu kacal aka shimfiɗa wa marubutan baya hanyoyi biyu, ta soyayya da ta laifi, kuma ba a daɗe ba suka haɗe su.

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka daina jiran kamfanonin ɗab'i, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. A gefe guda irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro suka yi suna wajen labarai masu sarƙaƙiya da tsayar da numfashi. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan yunƙuri sunan Adabin Kasuwar Kano, ya yi masa suka mai zafi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare shi, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ikonta ya shafi littattafai, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Abin lura a nan shi ne, yawancin muhawarar ta tsaya ne a kan ko littattafan suna gyara tarbiyya ko suna ɓata ta. Batun ko an ƙulla labarin da kyau, wanda shi ne ainihin abin da sabon marubuci ke buƙatar ji, bai sami rabon da ya kamace shi ba.

To, mene ne soyayya mai ɗaurin gwarmai take nema daga mai rubuta ta? Tana neman ya riƙe tambayoyi biyu a hannu a lokaci guda. Ta farko, shin masoyan nan za su sami juna? Ta biyu, mene ne gaskiyar abin da aka ɓoye? Gwanintar ita ce amsar ɗaya ta dogara a kan ɗayar, ta yadda auren ba zai yiwu ba sai an tono sirrin, tono sirrin kuma zai iya rusa auren. A adabin Ingilishi, Jane Eyre na Charlotte Brontë (1847) da Rebecca na Daphne du Maurier (1938) a kan wannan turba aka gina su: mace ta shiga gidan mutumin da take so, gidan kuma yana da labarin da ba a gaya mata ba. Duk matar Bahaushe da ta taɓa tarewa a gidan da ta tarar da kishiya, ko ɗakin marigayiya, ko surukar da ke yin shiru idan an ambaci wani suna, ta san wannan yanayi ba sai an fassara mata ba. Irin wannan labari ba ya yafe wa marubuci sakaci. A labarin soyayya tsurarta ana iya yin shafi goma ana zance a zaure mai karatu ya haƙura. A labarin bincike kuwa duk abin da aka ambata a babi na biyu bashi ne, sai an biya shi kafin a rufe littafi.

A nan ne ɗabi'un rubutun sababbin marubuta ke kawo cikas. Babbar ɗabi'ar da aka gada daga zamanin ƙananan littattafai ita ce sakin labari kashi-kashi. Marubuci kan rubuta littafi na ɗaya, ya tsaya a daidai inda doki ya kai maƙura, ya kai wa masu shagunan littattafai na Kurmi ko Sabon Gari, sai an ga yadda kasuwa ta karɓa sannan ya zauna rubuta na biyu. Dalilin a fili yake, jari ne babu, cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Da waya ta zo sai abin ya ƙara gaggawa, domin yanzu shafi-shafi ake saki kullum a zaurukan WhatsApp, masu karatu suna jira, wasu ma sun biya kuɗi, suna aiko da ra'ayinsu kan wanda ya kamata jarumar ta aura. Wannan tsari yana da amfaninsa. Ya ba yarinyar da ke zaune a ƙauyen Bagwai damar samun masu karatu a Zariya da Maraɗi ba tare da ta taka ƙofar maɗaba'a ba, kuma ya tilasta mata yin rubutu kullum, wanda shi kansa horo ne. Sai dai ga mai labarin ɗaurin gwarmai tarko ne. Wanda ya saki babi na ɗaya alhali shi kansa bai san wanda ya sace amaryar ba, ya rufe wa kansa ƙofar komawa baya ya dasa alamomin da za su sa ƙarshen ya zauna daram. Abin da ya riga ya fita ya fita.

Sakamakon haka sananne ne ga duk mai yawan karanta waɗannan labarai. Idan ƙulli ya gagari marubucin warwarewa, sai ya nemi mafita ta gaggawa. Ko dai jarumin ya yi mafarki a nuna masa inda aka ɓoye takardar, ko wata aljana ta bayyana ta faɗi komai, ko mugun ya yi haɗarin mota, a kan gadon asibiti ya furta duk laifinsa tun daga farko, ya nemi gafara, ya cika. Wani lokaci kuma a babi na ƙarshe ake jawo wani ɗan'uwa daga ƙasar waje wanda ba a taɓa ambatarsa ba, a ɗora masa laifin. A 1929 wani marubucin Ingila mai suna Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na labarin bincike, daga cikinsu akwai cewa dole mai laifin ya kasance an ambace shi tun farkon labari, kuma kada a warware matsala ta hanyar abin da ya fi ƙarfin ɗan'adam. Babu wanda ya wajabta wa Bahaushe bin dokar Knox harafi da harafi. Imani da asiri da iskoki wani ɓangare ne na rayuwar mutanen da ake rubutu a kansu, kuma Jiki Magayi kansa a kan asiri ya tsaya. Bambancin shi ne a Jiki Magayi an nuna wa mai karatu asirin tun ana ƙulla shi, an bar shi yana kallon yadda zai yi aiki. Aljanar babi na ƙarshe kuwa an kira ta ne don ta share ɓarnar da marubuci ya yi, kuma mai karatu yana gane haka ko da ba zai iya bayyana shi da kalmomin nazari ba.

Maganin wannan ciwo ɗabi'a ce mai sauƙin faɗa: a san ƙarshe kafin a fara. Marubucin ya keɓe littafi na biyu, ban da wanda yake zuba labarin a ciki, inda zai rubuta gaskiyar abin da ya faru bi da bi, wane ya yi me, a wace rana, wa ya gani, wa ya ji, wa ya yi ƙarya kuma don me. A nan ne zai rubuta shekarun taurarinsa da dangantakarsu, don kada ƙanwar uwa ta rikiɗe ta zama ƙanwar uba a littafi na uku. Agatha Christie, wadda duniya ta sallama wa a wannan fage, ta bar littattafan ajiyar tunani sama da 70, cike da jerin sunaye da tambayoyi da hanyoyin da ta gwada ta watsar. Batun lokaci kuma, Anthony Trollope ma'aikacin gidan waya ne, ya kan tashi da asuba ya yi rubutu kafin ya tafi aiki, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti goma sha biyar. Ko a gida, Abubakar Imam barin aikin koyarwa a Katsina ya yi na ɗan lokaci a 1936, ya zauna a Zariya wajen wata shida yana aikin Magana Jari Ce, ya karanta tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ya tace, ya sake musu riga. Jiran sai ilhama ta sauko, wanda matasa da yawa ke alfahari da shi, ba a same shi a tarihin ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ɗan karkara yana da nasa agogon da Trollope bai sani ba. Daga saukar ruwan shuka zuwa noman farko da maimai, jiki ba ya barin mutum ya zauna da alƙalami bayan isha'i. Ɗaliba kuma tana da girki da ɗiban ruwa da surfe da renon ƙanne, ga cajin waya da sai an aika kasuwa an biya. Hikima ita ce a bi shekarar yadda take. Damina ta zama lokacin sauraro da tara bayanai a ƙaramin littafi, layi biyu ko uku a rana. Idan an kai amfani rumbu, bukukuwan kaka sun lafa, sanyi ya shigo, sai a zauna zuba labari. Bazara, lokacin da zafi ke hana komai, ta zama ta bita da gyara. Wanda ya bi wannan tsari zai fitar da littafi ɗaya a shekara, kuma littafi ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa ya ishi sabon marubuci.

Matsala ta biyu ita ce ta wuri, kuma ta fi ta farko ban takaici. Yaron da aka haifa a gidan ƙasa a gefen Watari, ya tashi yana kora jaki da mangalar taki, idan ya ɗauki alƙalami sai ya kai labarinsa wani katafaren gida a Abuja ko Dubai. Jaruminsa ɗan ministan man fetur ne, jarumar likita ce mai shekara goma sha tara, mai binciken kuma wani jami'i ne da baƙin tabarau da bindiga a ƙugu, wanda aka kwaso daga fim. Ba a ƙin mafarkin arziki, kuma masu karatu da yawa don su huta da talauci na ɗan lokaci suke buɗe littafi. Amma labarin bincike da ƙananan bayanai yake rayuwa, kuma marubucin bai san ƙananan bayanan wancan gida ba. Bai san wa ke riƙe makullin ƙofar baya ba, bai san ƙarfe nawa mai gadi ke sauya aiki ba. Sai ya cike giɓin da lissafin motoci da kayan ɗaki da nau'o'in abinci, shafi bayan shafi, ƙullin kuma ya saki.

Alhali kuwa ƙasar da ya baro tana cike da abin da yake nema. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana daga cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a wannan yanki na Afirka, har masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin yadda mutanenta ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da taki da toka da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa. A irin wannan wuri babu dajin da mutum zai sara ya yi sabuwar gona. Kowane taku na ƙasa yana da mai shi, kuma yana da tarihi. Iyaka layin gamba ce ko wata tsohuwar bishiya, kuma gamba tana iya matsawa taku biyu cikin dare. Itacen ɗorawa ko kuka na iya zama na wani alhali gonar ta wani ce. Akwai gonar da aka jinginar shekara talatin da suka wuce, shaidun sun rasu, masu riƙe da ita suna cewa saye ne. Akwai gandun da ya watse bayan rasuwar uba, da rabon 'ya mace da ke hannun yayanta da sunan riƙo, wanda ba wanda ya tuna da shi sai ranar da wani ya fito neman aurenta. Akwai ɗan ci-rani da ya tafi Legas ya daina aike, da ɗan tireda da ya yi kuɗi dare ɗaya a hada-hadar hatsi ta Dawanau. A ƙasar da aure ke iya haɗe gonaki biyu ko ya raba ɗaya, soyayya da dukiya da sirri a tukunya ɗaya suke dahuwa.

Haka kuma ƙauye yana da masu bincikensa, waɗanda ba su da tabarau. 'Yar talla tana shiga kowane gida, har ɗakin da namiji baligi ba zai taɓa leƙawa ba, kuma ba mai sassauta murya don ta shigo. Dillaliya ta san matar da ta sayar da kwanukan jerenta a ɓoye, ta kuma san wadda ta saya. Wanzami ya san tsagar kowane gida. Ungozoma ta san watan da aka haifi kowa, wanda wani lokaci ya saɓa wa lissafin da ake faɗa a waje. Mai unguwa da dagaci da limami kowannensu yana riƙe da guntun labari, kuma kowanne yana da dalilin yin shiru. Christie ta gane darajar irin waɗannan mutane, shi ya sa ɗaya daga cikin manyan masu bincikenta, Miss Marple, tsohuwa ce mai saƙa a wani ƙaramin ƙauye, wadda makaminta kawai sanin halin maƙwabta. Wata matsala ta musamman da ƙauyen Hausa ke ba marubuci, wadda ta fi kowace daɗin sarrafawa, ita ce kunya da kawaici. A birni sirri shi ne abin da ba wanda ya sani. A ƙauye sau da yawa manya duk sun sani, ba dai mai faɗa ne, kuma yarinyar da abin ya shafa ba ta da bakin tambayar mahaifinta kai-tsaye. Yadda za ta zagaya ta bi ta wajen kaka ko gwaggo ko abokiyar wasa har ta kai ga gaskiya, wannan shi kansa labari ne.

Alal misali, a ɗauki batun shayarwa. A shari'ar Musulunci waɗanda suka sha nono ɗaya 'yan'uwa ne, aure ya haramta a tsakaninsu, kuma a mazhabar Malikiyya ba a shardanta yawan tsotso ba, muddin nonon ya isa cikin yaro yana cikin shekarun shayarwa. A ce saurayi da budurwa sun shirya, an kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka. Sai raɗe-raɗi ya ɓulla cewa shekara ashirin da suka wuce, lokacin da uwar yarinyar ta kwanta ciwo, uwar yaron ta taɓa ba ta nono. Idan gaskiya ne, aure ya mutu har abada, ba mai laifi. Idan ƙarya ce, to wa ya ƙirƙire ta, kuma me zai samu? Wataƙila kawun da ke noma gonar gadon yarinyar, wataƙila wani manemi da aka ƙi, wataƙila uwar yaron da kanta, wadda ke da wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Tsohuwar da ta san gaskiya ta fara rikicewa, yau ta ce e, gobe ta ce a'a. Ga tambayoyin nan biyu sun ɗaure da juna tamau, ba bindiga, ba gawa, ba abin da zai sa uba ya ƙwace littafin daga hannun 'yarsa. Kuma marubucin ba zai iya kammala shi ba sai ya je gaban malamin fiƙihu ya tambayi ƙa'idar shaidar mata a wannan babi, ya san yadda alƙali zai saurari ƙarar. Wannan tafiya zuwa zauren malam ita ce binciken da ake ta faɗa wa ɗalibai a aji.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da hujja a hannu, kuma hujjar tana da ƙarfi. James Hadley Chase, wanda littattafansa suka cika akwatunan 'yan sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980, Baturen Ingila ne da ya gina yawancin labaransa a Amurka, kuma an san cewa da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya fara aikin, bai zauna a can ba. In shi ya yi, me zai hana ɗan Tsanyawa ya rubuta Dubai? Amsar tana cikin hujjar kanta: Chase ya nemi taswirar, ya nemi ƙamus ɗin, ya yi wahalar da ake gudu. Ban da haka, Amurkar Chase tana da marubuta dubbai da suka rubuta ta kafin shi da bayansa. Ƙauyukan da ke tsakanin hanyar Katsina da hanyar Daura kuwa, in 'ya'yansu ba su rubuta su ba, babu wani baƙo da ke tafe da taswira. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta ta nuna cewa labarin talaka da na ƙauye da na sansanin gudun hijira yana da masu saurare, domin labarin da ya fara lashe ta, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake.

Akwai dai haɗari guda da bai kamata a ɓoye wa sabon marubuci ba. A wurin da kowa ya san kowa, labarin gonar jingina ko na shayarwa yana iya yin kama da na wani gida na gaske, har a nuna marubucin da yatsa, zumunci ya ɓaci. Ga budurwa abin ya fi tsanani, domin har yanzu akwai masu ɗaukar duk abin da jaruma ta aikata a matsayin abin da marubuciya ta taɓa yi, shi ya sa da yawa ke fakewa da sunan aro irin na uwar wane. Abin da ya dace shi ne a ɗauki yadda al'amura ke gudana a bar mutanen: a ƙirƙiri gari, a haɗa halin mutum uku a tauraro ɗaya, a sauya sana'a da zamani. Sirrin maƙwabci da aka ji a bakin rijiya amana ne, rubuta shi da sauya suna kawai giba ce da tawada.

Saura batun bita, wanda shi ne aikin da matasa suka fi ƙi. Rubutun waya ya zo da cin ƙugiya da haɗe kalmomin da ya kamata a raba, har ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, kuma a labarin da kalma ɗaya ke iya zama mabuɗin sirri wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Malamin Hausa yana da rawar takawa a nan fiye da ta jan biro a ƙarƙashin kurakurai. Zai iya karɓar rubutun, ya cire babi na ƙarshe ya ajiye, ya ba ɗalibai uku ko huɗu sauran su karanta, kowanne ya rubuta a takarda wanda yake zargi da dalilinsa. Idan duk sun canka daidai tun daga tsakiyar labari, an bar ƙofa a buɗe, sai a koma a rage alamomi. Idan ba wanda ya canka, kuma da aka ba su babin ƙarshe suka ce ai ba yadda za a yi mutum ya gane, to an zalunce su, sai a koma a dasa abin da aka hana su. Idan kuwa sun kasa canka, amma da suka karanta ƙarshen suka koma suna buɗe shafukan baya suna nuna wa juna inda aka faɗa musu ba su lura ba, sai malam ya mayar wa marubucin littafinsa, a shiga gyaran ƙa'idojin rubutu.